Me Ya Sa Mutane Ke Watsar da Manhajar Gina Ɗabi'a Bayan Mako Biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon haɗa manhajojin Android, kuma ina son in yi wadda za ta taimaka wa mutane su riƙe wani aiki kullum, kamar karatun Alƙur'ani, motsa jiki, shan magani a kan lokaci ko ajiye ɗan kuɗi. A gwajin farko na sa tunatarwa da lissafin kwanakin da mutum ya jera bai fasa ba. Abokaina kusan ashirin suka sauke ta, amma bayan mako biyu yawancinsu sun daina buɗewa. Ina kuskuren yake? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abubuwa biyun da ka dogara da su, tunatarwa da lissafin kwanaki, su ne kowa ke fara sawa, kuma su ne suka fi ruɗar mai haɗa manhaja. Suna sa mutum ya taɓa waya, amma ba su ke sa aiki ya zame masa jiki ba.

Ɗabi'a aiki ce da yanayi ke jawowa ba tare da an tsaya shawara ba. Mutum ya iso ƙofar ɗaki, ƙafarsa ta zame takalmi tun kafin ya tuna da shi. Ƙofar ce ta kira aikin. Binciken da Wendy Wood da abokan aikinta suka wallafa a 2002 ya nuna kusan kashi 43 cikin ɗari na ayyukan da mutane ke yi a rana irin waɗannan ne, ana yin su a wuri guda kusan kullum, sau da yawa hankali na wani wajen. To aikin manhajarka shi ne ta ɗaure sabon aiki a jikin wani abu da ya riga ya kafu a ranar mutum, har abin nan ya riƙa kiran aikin da kansa.

A nan ne ƙararrawar agogo take cin amana. A 2015 Katarzyna Stawarz da abokan aikinta a jami'ar UCL ta Landan suka duba manhajoji 115 na gina ɗabi'a, suka kuma yi gwaji na mako huɗu. Suka ga tunatarwa tana sa mutane maimaita aiki, amma tana hana shi zama jiki, domin mutum yana koyon jiran ƙarar waya ne. Ranar da caji ya ƙare, aikin ma ya ƙare. Waɗanda suka jingina aikin da wani abu da ke faruwa a ranarsu, su ne aikin ya fi kama jikinsu.

Saboda haka shafin farko na manhajar kada ya tambayi "ƙarfe nawa?" Ya tambayi "bayan me?" Ka bar mai amfani ya cike jimla guda: "Bayan na ..., zan ...". Misali: "Bayan na idar da sallar Asuba, kafin in naɗe darduma, zan karanta shafi ɗaya." Ko: "Da na ƙirga cinikin yau, kafin in rufe shago, zan ware ɗari biyar in sa a asusu." Wannan salon ƙulla niyya da lokaci da wuri Peter Gollwitzer ne ya shahara da bincikensa, musamman a rubutunsa na 1999, kuma an sha gwada shi ana ganin amfaninsa. Ka ba mutum jerin abin da zai zaɓa: bayan kowace salla, bayan karin kumallo, bayan wanka, dawowa daga aiki, lokacin sa waya a caji, sannan gurbin da zai rubuta nasa. Ga masu amfani Musulmi, salloli biyar sun riga sun raba yini gida biyar, ga wuri sananne, ga jerin ayyuka da ba sa canzawa, da wuya a sami turke, wato abin da za a ɗaure sabon aiki a jikinsa, mai ƙarfi kamarsu. Sai dai lokutansu suna motsawa a tsawon shekara, don haka idan za ka tura tunatarwa bayan Magariba, manhajar ta lissafa lokacin daga garin da mutum yake, kada ka kafa ƙarfe bakwai ka bari.

Sai girman aikin. Sabon shiga yakan zo da zafi, ya rubuta izu guda kullum ko gudun minti arba'in. Ranar farko zai yi, ranar da ya kwana bai yi barci ba ba zai yi ba. BJ Fogg na jami'ar Stanford ya bayyana cewa aiki yana faruwa ne idan abu uku suka haɗu a lokaci guda: kwaɗayin yi, sauƙin yi, da abin da ya tunzura. Kwaɗayi hawa da sauka yake, ba ka da iko a kansa, amma sauƙi yana hannunka. Bayan mutum ya rubuta burinsa, manhajar ta sake tambayarsa: "Mene ne mafi ƙanƙantar abin da za ka iya yi ko a ranar da ka fi gajiya?" Wannan shi za a ƙirga a matsayin an yi, abin da ya ƙaru riba ce. Hadisin Nana A'isha da ke Bukhari da Muslim ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne mafi ɗorewa ko da kaɗan ne, kuma masu amfani da manhajarka sun san shi, ba sai ka sha wahalar gamsar da su ba. Ka kuma taƙaita: ɗabi'a ɗaya a makonni biyun farko, kada ta wuce uku daga baya.

Ba cewa ake ka cire tunatarwa gaba ɗaya ba. Ka mayar da ita sandar dogarawa da za a ajiye. A makonni biyun farko ta zo kullum, kuma ta ambaci turken: "Ka idar da Asuba? Shafinka ɗaya." Daga mako na uku ta riƙa zuwa bayan lokacin ya ɗan wuce, tana tambaya ko an yi, ba tana umarni ba, kuma idan mutum ya riga ya danna ya yi, kada ta zo sam. Wajen mako na shida ka rage ta zuwa sau biyu a mako. Waɗannan adadi mafari ne, ka gwada su ka gyara. Maɓallin "Na yi" ya kasance a jikin sanarwar kanta, dannawa ɗaya. Duk manhajar da sai an buɗe ta, an jira ta loda, an wuce talla kafin a sa alama, ta ɗora wa mutum aiki na biyu.

Yanzu lissafin kwanaki, wanda ina kyautata zaton shi ya kori yawancin abokanka. Mutum ya jera kwana goma sha ɗaya, rana guda ya yi tafiya, ya dawo ya tarar da sifili. Abin da ya ji shi ne wahalarsa ta tashi a banza, sai ya share manhajar. Alhali ba gaskiya ba ne. Phillippa Lally da tawagarta a UCL sun bi mutum 96 na tsawon mako goma sha biyu, suka wallafa sakamakon a 2009. Matsakaicin lokacin da aiki ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, amma tazarar tana da faɗi, daga kwana 18 har 254, gwargwadon mutum da nauyin aikin. Kuma tsallake rana ɗaya bai yi wani tasiri a zo a gani ba. Maganar da ake yawan yaɗawa cewa ɗabi'a tana kafuwa cikin kwana 21 ta samo asali ne daga Maxwell Maltz, likitan gyaran fata da ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa kan ɗauki aƙalla kusan kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Kada ka yi wa kowa alkawarin mako uku.

Maimakon jerin da ke rushewa, yi ma'aunin ƙarfin ɗabi'a daga sifili zuwa ɗari. Kowace rana ka ninka makin jiya da 0.95, idan an yi aikin yau ka ƙara 5. Mai yi kullum zai kai wajen 51 a kwana goma sha huɗu, wajen 95 a kwana sittin, kuma fashin rana ɗaya ba zai rage masa fiye da maki biyar ba. Manhajar Loop Habit Tracker, wadda lambobinta a buɗe suke ga kowa, tana amfani da lissafi mai kama da wannan, ya kamata ka duba yadda suka yi. Duolingo ma, manhajar koyon harsuna da ta yi suna da jerin kwanaki, sai da ta tanadi hanyar kare jerin idan an fasa rana. Ka sa maɓallin "Ina da uzuri" da zai tsayar da lissafi saboda rashin lafiya ko tafiya. Ka tuna da mata: wadda ta jingina aikinta da salla, turkenta zai ɗauke na wasu kwanaki kowane wata, don haka ta sami damar dakatarwa ko sauya turke ba tare da an nemi ta faɗi dalili ba. Haka watan azumi, wanda ya ɗaure aikinsa da karin kumallo sai manhajar ta ba shi shawarar mayar da shi bayan sahur ko buɗa baki.

Akwai kuma yiwuwar wasu abokanka ba gudu suka yi ba, sanarwar ce ba ta isa gare su ba. Tun Android 6.0 na 2015 waya takan shiga barcin tanadin batir, ta jinkirta ayyukan bayan fage. WorkManager, kayan aikin Android na tsara ayyukan bayan fage, ba ya alkawarin daidai minti, kuma ba ya maimaita aiki a tazarar da ta gaza minti goma sha biyar. Idan kana son lokaci tsayayye sai AlarmManager, kayan aikin kafa ƙararrawa, wanda tun Android 12 yake buƙatar izini na musamman, kuma a Android 14 izinin a rufe yake ga yawancin sababbin manhajoji sai mai waya ya buɗe. Daga Android 13 ita kanta sanarwa sai an nemi izini, kuma ka nema bayan mutum ya gama rubuta jimlarsa, lokacin ya san amfaninta. Ƙararrawar AlarmManager tana gogewa idan aka kashe waya aka kunna, dole ka sake kafa ta a lokacin kunnawa. Wayoyin Tecno, Infinix da itel, da suka cika hannun mutane a nan, suna da nasu tsarin kashe manhajoji don tanadin batir. Ka gwada a kan ainihin waɗannan wayoyin, ka bar su su kwana, sannan ka yi shafi mai hotuna da ke nuna inda za a cire manhajar daga takunkumin batir.

Komai ya yi aiki ba data. Ka ajiye bayanai a cikin waya da rumbun bayanai irin SQLite ko Room, ka rubuta kowace alama da kwanan watan garin mutum, kuma ranar ta ƙare ƙarfe uku na dare, domin wanda ya yi aikinsa sha biyu da kwata bai ɗauki kansa a gobe ba. Sunan magani kada ya fito a fuskar waya tana kulle, don a gidaje da yawa waya ɗaya hannu uku ke taɓa ta. Idan kuma za ka kai bayanan lafiya kan intanet, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka.

Kada ka auna nasara da yawan buɗe manhaja, don wanda aikin ya kama jikinsa zai rage buɗewa. Benjamin Gardner da abokan aikinsa sun fitar da ma'auni mai tambaya huɗu a 2012: ina yin aikin kai tsaye, ina yi ba sai na tuna ba, ina yi ba tare da tunani ba, nakan fara kafin in ankara. Ka kawo su duk mako biyu, mutum ya zaɓi daga 1 zuwa 7, kuma hawan wannan makin ne zai gaya wa manhajar lokacin janye tunatarwa. Kafin ka sake rubuta layi ɗaya, ka koma wurin abokan nan ashirin ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kowa irin wayarsa, ko sanarwar tana zuwa, me yake yi a lokacin da take zuwa, da abin da ya faru ranar da ya fara fashi.