Amsa: Me ake gani a Sukur, kuma ya cancanci wahalar zuwa?

Malam, ka tambaya ko Sukur ta cancanci doguwar tafiya. Ni dai a ganina ta cancanta, amma ka shirya ƙafa, don mota ba ta hawa. Garin yana kan duwatsun Mandara ne a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. A 1999 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne na farko a Najeriya.

Tun daga gindin dutse za ka fara ganin aikin hannu: hanyar da za ka bi shimfiɗe take da fale-falen duwatsu, gonaki kuma an yi musu hawa-hawa don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. A can sama akwai gidan Hidi, wato sarkinsu, wanda aka gina da duwatsu jere bisa jere. Mutanen wurin sun shahara da narkar da tama, har yanzu ana nuna wuraren da suke yi a da.

Ka tafi da rani, ka ɗauki ruwa da takalmi mai ƙarfi, ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora. Kuma ka tambayi halin tsaro kafin ka tashi, domin 'yan Boko Haram sun taɓa afka wa yankin a 2014.