Na buɗe fakiti da yawa amma kullum cinye ni ake yi: wane ɗauri zan haɗa a Genetic Apex?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne daga unguwar Zariya a nan Maraɗi. A fadarmu muna buga wasan katuna na Pokémon TCG Pocket a salula, kuma mun yi yarjejeniya cewa katunan rukunin farko, Genetic Apex, kaɗai za a shigo da su. Ina buɗe fakitin Charizard yau, gobe na Mewtwo, jibi na Pikachu, ina da katuna masu walƙiya amma ban cika yin nasara ba. Waɗanne katuna ne suka fi ƙarfi, kuma yaya ake buga su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalarka ta fara tun daga wurin buɗe fakiti. Genetic Apex ya fito tare da wasan ranar 30 ga Oktoba 2024, an raba katunansa cikin fakiti uku, kuma manyan katuna kowanne da gidansa. Kyauta ana ba ka fakiti ɗaya duk awa 12, kati biyar a ciki. In kana yawo tsakanin ukun, za ka tara rabin wannan da rabin wancan, ba ka da ɗauri ko ɗaya cikakke. Ka tsaya kan guda har sai ka samu biyu-biyu na abin da kake nema.

Dalilin biyu-biyu lissafi ne. Ɗauri kati 20 ne, ba a yarda ka sa fiye da biyu masu suna ɗaya ba, kuma da kati biyar ake farawa. Katin da ka sa guda ɗaya zai zo hannunka na farko wajen sau 25 cikin ɗari, wanda ka sa biyu kuwa wajen sau 45.

Mu shawararmu Pikachu ex. Ba shi ya fi kowa duka ba: Charizard ex yana yin 200, Mewtwo ex 150, shi kuwa iyakarsa 90. Abin da ya fifita shi kuzari biyu kawai yake nema kafin ya yi duka, kuma katin tushe ne, ba ya jiran rikiɗa. A wasan nan kuzari ɗaya ake samu kowane zagaye, wanda ya fara ma ba ya samu a zagayensa na farko. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowane kati ita ce a zagaye na nawa yake soma aiki. Dukan Pikachu ex 30 ne ga kowane Pokémon na lantarki da ke bencinka, wato wurin masu jira a bayan wanda ke fage, benci kuma gurbi uku ne. Ka lura da kalmar lantarki: in ka ajiye Kangaskhan ko Farfetch'd a benci, gurbi suka ci, ba su ƙara ko ɗaya ba. Wannan kuskure ya yi yawa wurin sababbin ƴan wasa.

Ga yadda za ka cika ashirin ɗin. Pikachu ex biyu, Zapdos ex biyu (dukansu a fakitin Pikachu suke), Voltorb biyu da Electrode biyu. Sai Professor's Research, Poké Ball, X Speed da Potion biyu-biyu, waɗanda da tikiti ake karɓarsu a kantin wasan, ba a fakiti ba. Saura Sabrina biyu da Giovanni biyu. Sabrina tana fakitin Charizard, Giovanni yana na Mewtwo, amma kada ka bi su can. Kowane fakiti da ka buɗe yana ba ka maki 5 na musaya, kowannensu kuma maki 70 ne, wato fakiti 14, mako guda ke nan. Katin ex maki 500 ne, fakiti ɗari, don haka shi sai in ya gagara fitowa. In ka ga benci yana yawan ƙin cika, cire Potion ɗaya ka sa Pincurchin ko Blitzle.

Yanzu batun makin cin wasa, wanda a nan ne ake cinye yawancin mutane. Maki uku ake nema. Ƙaramin Pokémon in ya faɗi maki ɗaya ne, ex maki biyu. In abokin karawarka ya kayar da ƙarami ɗaya da ex ɗaya, ya gama da kisa biyu. In kuwa ka sa ya kayar da ƙanana biyu tukuna, sai ya yi kisa na uku, kuma wannan zagayen da ka ƙara shi ne yawanci ke raba gardama. Saboda haka Pikachu ex da ya sha duka ba a barinsa a fage. Kuzari ɗaya yake biya ya ja da baya, X Speed kuma ya ɗauke masa biyan, sai ya koma benci da kuzarinsa biyu cur, yana ci gaba da ƙara wa ɗan'uwansa 30. Electrode ma saboda haka muke sa shi: yana dukan 70 da kuzari biyu, ja da bayansa kyauta ne.

Wanda zai fi wahalar da kai mai Mewtwo ex ne, don haka bari mu zauna a kansa. Jininsa, wato yawan dukan da zai sha kafin ya faɗi, 150 ne, babban dukansa 150 yana neman kuzari huɗu, sannan ya zubar da biyu. Shi kaɗai jinkiri gare shi. Gardevoir ce ke ɗaga shi, domin daga benci tana ƙara masa kuzari ɗaya kowane zagaye, amma sai ta bi matakai uku: Ralts, Kirlia, sannan ita, mafi sauri a zagaye na uku. In kai ne na biyu, kana dukan 90 a zagayenka na biyu, shi a na ukunsa kuzari uku ne iyakar abin da zai tara, ya yi maka 50, kai ka gama da shi. In kai ka fara kuma katunansa suka zo daidai, duka ɗaya za ka yi kafin ya share Pikachu mai jini 120. A nan Sabrina take aiki. Tana tilasta masa ya sauya wanda ke fage, amma shi ke zaɓen wanda zai fito, don haka lokacinta shi ne sa'ad da Ralts ko Kirlia kaɗai ke bencinsa. Jininsu 60 da 80, duka ɗaya ya ishe su. Da zarar ta zama Gardevoir jininta 110 ne, ta wuce 90 ɗinka ko da Giovanni, mai ƙara 10 a dukanka. Ka kuma riƙe Giovanni don wannan: ka doki Mewtwo ya rage 60, ya sha Potion biyu ya koma 100, to goman Giovanni ce ke cike gurbin.

Mai Charizard ex da sauƙi in ka yi hanzari. Moltres ex ne ke fage yana jefa kwabo uku don tara wa Charizard kuzari a benci, kuma lagonsa lantarki ne, ƙarin 20 a kowane duka. Charmeleon jininsa 90 daidai, Charizard ex 180, duka biyu daidai. In ka bari ya tara kuzari biyar ko shida, babu katinka da zai tsaya.

Masu ruwa, Starmie ex da Articuno ex, su ma lantarki ne lagonsu. Haɗarinsu Misty ce, wadda ake jefa mata kwabo har sai ya faɗi ta baya, kowace fuska kuzari ɗaya. Rabin lokaci ba ta ba da komai. Ranar da ta ba da uku a zagayen farko ba laifinka ba ne, kada ka wargaza ɗaurinka saboda ita.

Akwai wasu biyu kuma da za su iya kama ka da gaske. Marowak ex yana jefa kwabo biyu, kowace fuska 80, ga ƙarin 20 na lagon Pikachu: fuska ɗaya 100, ka tsira da 20, fuska biyu ka tafi, sau ɗaya cikin huɗu ke nan. Ka tare shi da Zapdos ex, wanda ba ya da wannan lagon. Na biyu ɗaurin Blaine ne, mara ex ko ɗaya. Ninetales yana dukan 90, Blaine ya ƙara 30, 120 ke nan, jinin Pikachu ex cif, alhali kai sai ka yi kisa uku. In ka ga Vulpix a benci, ka neme shi kafin ya rikiɗa. Kuma in Pikachu ex na biyu ya ƙi fito maka, wannan ɗauri na Blaine da Ninetales da Rapidash shi za ka fara haɗawa da makin musaya, domin katunansa duk masu araha ne, zai riƙe ka a fada kafin naka ya cika.