Shanuna Na Sayar Don Tafiyar Nan, Yanzu Wai Da Ita Za a Je

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce a Gombe, na kusa ritaya. Tun da ɗana ya tafi karatu jami'ar Azhar a Alƙahira ban sa shi a idona ba sai ta waya. Muka yi magana da Alhaji cewa za mu yi doguwar tafiya, wata biyu ko fi: Umara, daga nan Alƙahira, mu ƙare da Istanbul in saro abayoyi da labule. Ya amince, wallahi da bakinsa ya amince.

Anti, ni na zauna na bincika komai. In kowa ya kwanta ina kan waya, ina rubutawa a littafi irin na 'yan firamare. Makka da shafinta, masaukai da nisan kowanne daga Harami. Ni na gano akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum Madina cikin kamar awa biyu da rabi, saboda ƙafar Alhaji ba ta son doguwar mota. Ni na gano Istanbul akwai sanyi mai tsanani daga Disamba zuwa Fabrairu, na tura ta ƙarshe. Shi fa? Ran da na kawo masa littafin, kofin shayi ya ɗora a kai, shatin yana nan har yau.

Shanun gadona na sayar, na haɗa da kwasar adashe. Fasfunanmu da kuɗin ma tun kafin Maulidi suna hannun yaron abokinsa mai harkar tafiye-tafiye, kullum biza tana hanya. To kwatsam sai Alhaji ya ce wai da ita za a je, don adalci. Kuɗi ba za su kai mutum uku ba, don haka a cire Masar, a cire Turkiyya, Umara kawai sati biyu a dawo. Ita da ko Alƙahira ba ta san inda take ba! Ni na yi rashin barci, ni na sayar da shanu, ɗana kuma ba zan gani ba. In na yi magana a ce kishi. Anti, kishi ne wannan?

Uwar Ɗalibi, Gombe

Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ki gaya mini wace ce "ita" ba, amma shekaruna sun kai in gane. Ban ji ta bakin Alhaji ba, kuma ba al'adata ba ce in ɗauki ɓangare. Sai dai adalci tsakanin mata daga aljihun miji yake fitowa. Dukiyar mace tata ce, Musulunci bai ba miji ikon raba shanun uwargida da sunan adalci ba. In yana son amarya ta je Ɗakin Allah, madalla, ya biya mata. Ki faɗa masa haka a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, ba a tsakar gida ba.

Amma ni ba nan hankalina ya tsaya ba. Kin cika takarda da kofin shayi, kika wuce fasfo a layi ɗaya. Tun kafin Maulidi, Hajiya? Bizar Umara yanzu ta intanet ake fitar da ita, aikin kwanaki ne in takardu sun cika, kuma takan ba mutum damar zama har kwana 90. Masar da Turkiyya kowacce da tata bizar daban, da nata sharuɗɗan. Wacce ce a cikinsu take "hanya"? Yaron abokin Alhajin nan yana da kamfani mai lasisi daga Hukumar Alhazai ta ƙasa, ko jaka ce kawai da waya biyu? Ya ba ku rasit? Kuna rigimar mutum nawa za su hau, ba ku duba ko akwai dokin ba.

Masu karatu, da ku nake kuma. Mutanenmu sai su miƙa miliyoyi saboda "ɗan Alhaji wane ne", suna jin kunyar neman takarda, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Naira kuma tun 2023 ba ta zama wuri ɗaya, kuɗin da suka kwana watanni a hannun wani ba lallai su sayi tikitin da aka lissafa ba.

Hajiya, gobe ki ɗauki ƙaninki ku je ofishin mai harkar tafiye-tafiyen nan. Ki karɓi fasfonki ki duba ranar ƙarewarsa, don ana so ya rage aƙalla wata 6. Ki nemi katin allurar shawara da ta sanƙarau. Ki tambaye shi ranar da Saudiyya ta sa masu Umara su fice kafin aikin Hajji, in ya yi inda-inda ki ce ya dawo da kuɗinki a rubuce, gaban shaidu. Sannan ki rubuto mini abin da ya ce.

Anti