Tambaya da Amsa: Me ya sa hoton tsuntsu daga nesa ke fita dishi-dishi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kyamarar Nikon P900, nakan shiga dausayin Haɗeja da Nguru ɗaukar zalɓe da dinya. A allon kyamara sai in ga kamar hoto ya yi, amma in na buɗe shi a kwamfuta tsuntsun dishi-dishi, ciyawar gabansa kuwa tar. Ko lalacewa ta yi? Daga mai karatu a Haɗeja.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kyamararka lafiyarta ƙalau. Tunda ciyawa ta fito tar, gilashi na aiki, fokas ne ya faɗa inda ba ka nufa ba. Irin wannan kyamara tana laluben wurin da haske da duhu suka fi bambanta, in ka bar mata zaɓi kuwa ciyawa da rassa za ta kama, ta bar tsuntsu. Shiga tsarin AF, wato fokas na atomatik, ka zaɓi ɗan ƙaramin akwati guda ɗaya, ka ɗora shi a kan idon tsuntsun. In tsuntsun ya yi ƙanƙanta a allo, nemi inda baƙin gashi ya haɗu da fari, kamar kan zalɓe. Danna maɓalli rabi, ka jira akwatin ya koma kore, sannan ka ƙarasa.

In kuwa ciyawa da tsuntsu duka sun yi dishi-dishi, rawar hannu ce. Ƙarshen zum ɗin P900 daidai yake da milimita 2000, ko numfashinka yana girgiza hoto. Juya zuwa S, wato tsarin da kai ke zaɓar saurin ɗauka, ka sa 1/1000 na daƙiƙa ga tsuntsun da ke zaune, 1/1600 ga mai tashi. Sai dai a can ƙarshe ƙofar haske ba ta buɗewa fiye da f/6.5, dole ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya hau, kuma na'urar kama hoton ƙarama ce: da ISO ya wuce 800 gashin tsuntsu ya dame. Kunna VR mai rage rawar hannu, ka leƙa ta ƙaramar tagar ido maimakon allo, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ka ɗauki hoto biyar zuwa bakwai a jere. Na tsakiya sukan fi fita. In a kan sandar kyamara mai ƙafa uku ka ɗora ta, kashe VR ka sa jinkirin daƙiƙa 2. Zum na dijital kuwa kashe shi gaba ɗaya, yanka hoto kawai yake yi yana kumbura shi.

Akwai kuma abin da saiti ba ya gyarawa: iskar da ke tsakaninka da tsuntsu. Da rana ta ɗaga, zafi na tashi daga ƙasa, ƙawalwalniyar nan da ake gani a kwalta, zum kuma yana ƙara girmanta. Ga shi baƙin tsuntsayen Turai a dausayin nan lokacin hunturu suke, daidai da hazo. Ka fita daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, rana a bayanka. Tsuntsu a mita 20 da rabin zum ya fi na mita 100 da cikakken zum fita raɗau.

Tambaya: In na ja zum har ƙarshe tsuntsun yakan ɓace mini. Ina mafita? Daga mai karatu a Gashuwa.

Amsa: Hajiya, fara kama shi da zum kaɗan, ki sa shi a tsakiya, sannan ki ja a hankali. A gefen gilashin P900 akwai maɓallin da ke janye zum muddin kina danne da shi. Ki gano tsuntsun, ki saki, zum ya koma inda yake.