Tambaya da Amsa: Fambel na kuka da safe, na ɗaure shi, sai ga yoyon ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke Apapa. Kullum da safe in na tayar da ita sai fambel ya kama kuka. Na goga masa sabulu, ya yi shiru kwana biyu ya dawo. Na sa ƙarfe na ɗaure shi tamau, yanzu kuma ruwa na ɗiga ta bakin famfon ruwan inji. Ina na yi kuskure?
Daga wani direba, Apapa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Ɗaurin nan nake zargi. Fambel ɗin shi ke juya fanka da famfon ruwa da altaneta. In ya saki sai ya riƙa zamewa a kan fuli (ƙarfe mai da'ira da fambel ke zagayawa a kansa), kuma ya fi yi da safe saboda tashin farko ya ja wutar batir, altaneta na ƙoƙarin mayarwa, ya yi nauyi. Ga kuma laimar Legas, musamman da damina. Amma in ka ɗaure shi fiye da kima, sandar famfon yake ja gefe guda har boris ɗin da sandar ke juyawa a cikinsa ya mutu, ruwa ya samu hanya. Kama fankar ka girgiza ta. In ka ji tana wasa, famfon ya tafi, sai canji.

Kafin ka kai hannu, sauke cokulan motar (ƙarafan ɗaukar kaya) ƙasa, ja birkin hannu, kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihu. Wannan ba na yi wa kowa sassauci a kansa a garejinmu na Ijora.

Sannan ka juyo cikin fambel ɗin ka duba da kyau. Gefensa na sheƙi kamar an goge takalmi? Akwai tsaga, ko zare ya fito? Baƙin mai ya jiƙa shi? To ya gama aiki, ɗauri ba zai raya shi ba, kuma sai ka toshe inda man ke zuba. Leƙa ramin fulin ma. Fambel mai siffar V da gefensa yake kamawa. Kwanaki an kawo mini wata tirela daga layin tashar jirgin ruwa ta Tin Can, an canza mata fambel sau uku a banza. Da na haska tocila sai na ga gindin ramin yana ƙyalli, wato fulin ne ya cinye.

In komai lafiya, nemi inda ya fi tsawo tsakanin fuli biyu, ka danna tsakiya da babban yatsa da ƙarfi, kamar nauyin kilo 10. A yawancin injuna ya kamata ya lotsa milimita 10 zuwa 15, kusan kaurin ƙaramin yatsanka. In akwai littafin motar, bi adadin da ke ciki. Sassauta notunan altaneta, matsar da shi kaɗan kaɗan, ka ɗaure, ka sake dannawa. Kada ka ɓamɓara sabo a kan fuli da sukundireba, zaren cikinsa kake tsinkawa. Sabo yana miƙewa, don haka bar injin ya yi kamar minti 15 ka sake gwadawa, haka ma bayan kwana ɗaya ko biyu na aiki.

In fambel biyu ne a jere, tare ake canza su. Mai faɗi da ke da sifirin mai ɗaure shi kuwa ba a ƙara masa ɗauri, sifirin ake dubawa. Sabulun nan ka daina, don Allah, ƙara masa santsi kawai yake yi. Allah ya tsare.