Wai kunama ƙwaro ce?

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto tana cewa malaminsu na bayoloji ya ce kunama ba ƙwaro ba ce, ita kuma tun tasowarta ƙwaro take ji ana ce mata, wai wa ya yi kuskure, malamin ko Bahaushe? Ta kuma nemi ma'anar "tsutsar nama ita ma nama ce".

To 'yata, babu wanda ya yi kuskure, awon ne ya bambanta. Masana kimiyya ƙafa suke ƙirgawa. Cikin halittun da ba su da ƙashin baya, mai ƙafa 6 da jiki kashi 3, kai da ƙirji da ciki, irin su fara, sauro, ƙuda, gara da ƙudan zuma, shi ne malaminki yake nufi da ƙwaro. Kunama da gizo-gizo da kaska ƙafa 8 gare su, gidansu daban, ƙaguwa 10 in kin haɗa da almakashinta, shanshani da ƙadandoniya kuma nasu rukunin. Shi ko Bahaushe bai tsaya ƙirga ƙafa ba, duk ƙaramin abu mai rarrafe ko tashi ko harbi ƙwaro ne a wurinsa, shi ya sa in abu ya harbi yaro da dare uwa za ta ɗauko tocila tana cewa ku duba min wane ƙwaro ne, tun ba ta san ko kunama ba ce. Ni dai ba na son a riƙa gyara wa iyayenmu wannan maganar, daidai suke a harshensu. Ko a tatsuniya ma ai Gizo mai ƙafa 8 ne, matarsa Ƙoƙi kuma mai 6.

Tsutsa ma haka. Wadda kike gani fara-fara tana motsi a naman da ya kwana 'yar ƙuda ce, ƙwai ya zuba a kai ya ƙyanƙyashe, nan gaba fiffike za ta yi ta tashi, don haka ba danginsu ɗaya da tsutsar ciki ba, balle matsattsaku da tana masu jiki gaɓa-gaɓa. Amma a idon mai karin magana daga cikin naman ta fito, saboda haka ta naman ce. Ana faɗinsa in ɗan gida ya lalace ana neman a yar da shi, sai wani dattijo ya ce a'a ku yi haƙuri, tsutsar nama ita ma nama ce, wato duk lalacewarsa jininku ne.