Amsoshin Tambayoyinku: Mota Za Ta Yi Tafiya da Itace?

Tambaya: Malam, ni makaniki ne, kuma na iya walda daidai gwargwado. Na ga bidiyon mutane suna tuƙa mota da guntayen itace maimakon fetur. Gaskiya ne ko siddabaru? In gaskiya ne, ina so in ƙera wa tsohuwar akori-kurata. Da itace zan fara ko da gawayi?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma abin ya girme ni da kai. Idan itace ya kama wuta a wurin da iska ba ta wadace shi ba, ba ya ƙonewa ƙurmus, sai ya riƙa sakin wata iska mai cin wuta. Ita ake ja, a sanyaya, a tace, a tura wa inji. Wani injiniyan Faransa, Georges Imbert, shi ya ƙera shahararriyar tukunyar yin wannan aiki a shekarun 1920. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa fetur ya yi ƙamfa a Turai, motoci wajen miliyan ɗaya suka koma kanta. A Suwidin kaɗai sun haura 70,000 a shekarar 1942. Amma da fetur ya dawo, kusan kowa ya kwance tasa ya jefar, kuma dalilin haka ya kamata ka sani kafin ka kunna injin walda.

Iskar ba ta da ƙarfi. Kusan rabinta naitrojin ne, wanda ba ya cin wuta sam. Abin da ke ci shi ne kabon monoksaid, kimanin kashi 20 cikin 100, da haidurojin kusan haka ko ƙasa kaɗan. Shi ya sa injin da ka sani da kuzari zai rasa kashi 30 zuwa 50 na ƙarfinsa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya za ka yi tafiyarka, amma a hawan tudu da kaya za ka ji a jikinka. Ga kuma cin itace: lita ɗaya ta fetur tana daidai da kilo biyu da rabi zuwa uku na busasshen itace, wato abin da tankin lita 50 zai yi maka sai ka loda kilo 125 zuwa 150.

Sai babbar matsalar, wadda masu bidiyo ba su cika nunawa ba: kwalta. Hayaƙin itace yana ɗauke da wani baƙin danƙo. Yana da zafi yana tafiya kamar tururi, da ya huce sai ya daskare. In ya shiga inji ba lallai ka gane a ranar ba, motar za ta tashi, ka zaga, ka dawo kana murna. Washegari ka murza makulli, bawul ya manne a mazauninsa, sandar da ke tura shi ta lanƙwashe. Kai makaniki ne, ka san abin da ke biyo baya. Duk hikimar Imbert a nan take: ya sa iskar ta bi ta ƙasa, ta ratsa wani matsattsen maƙogwaro cike da garwashi mai zafin da ya haura digiri 1,000, inda kwaltar ke farfashewa ta koma iska. Wannan maƙogwaron dole a auna shi daidai da girman injinka. In ya yi faɗi, jan injin ba zai isa ya zuga wutar ba, garwashi ya yi sanyi, kwalta ta wuce. Haka ma in ka bar mota tana aiki a tsaye na dogon lokaci. Duk maƙerin da ya taɓa sassauta zuga-zugi ya san yadda wuta ke lafawa nan da nan.

Don haka amsata ita ce ka fara da gawayi, kuma kada ka fara da motar. Gawayi an riga an dafe masa kwaltarsa tun wurin yin sa, tukunyarsa ta fi sauƙin ƙira, ta fi rashin nauyi, kuma kuskurenka ba zai ci maka inji ba. Yana da nasa aibin: fiye da rabin ƙarfin itacen ya tafi a wurin mai da shi gawayi, kuma wutarsa tana da zafin da ke narkar da bakin bututun iska, shi ya sa ake ɗiga masa ruwa kaɗan-kaɗan ko a mayar masa da ɗan hayaƙin salansa. Ka nemi tsohon ƙaramin janareta na fetur wanda ko ya mutu ba za ka yi kuka ba, ka koyi aikin a kansa. A nan za ka gane yadda ake haɗa iskar da iskar waje kusan rabi da rabi, da kuma dalilin da ya sa ake ɗan gaggauta lokacin tartsatsin fulogi, tunda wannan iska a hankali take ci. Kafin ka haɗa da kowane inji, ka tara farin ƙyalle a bakin bututun na ɗan lokaci. Ƙura mai kaɗewa aikin matatar iska ce, wato abin da ke tace ta. Tabo mai danƙo kuwa yana nufin ka koma kan tukunya.

Ranar da ka koma itace, ka sare shi guntu-guntu, daga girman kwalin ashana zuwa abin da bai kai dunƙulen hannu ba, ya bushe har damshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20. Garin katako yana toshe tukunya. Katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara kuma kada ya shiga ko da wasa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ban iya walda ba. Na ga ana sayar da ƙerarriya, na kuma ga zanen ƙira kyauta a intanet wanda zan iya kai wa mai walda. Wanne ya fi? Motata ƙarama ce ta shiga gari, sai kuma wata babba mai shan dizal.

Amsa: Ƙaramar motar ka bar ta yadda take. Tukunya da abin sanyaya iska da na tace ta da buhunan itace suna son fili, nauyinsu yakan haura kilo 100, ga ƙaramin inji ba shi da rarar ƙarfin da zai yi asarar rabinsa. Tafiyar cikin gari ma ba ta dace da ita ba: kunna wuta kaɗai yana cin minti goma ko fiye, kuma yawan tsayawa shi ke haifar da kwalta. Mai dizal ɗin za ta iya, amma ba za ta rabu da dizal ɗungurungum ba, domin ba ta da fulogi, sai an bar mata ɗan mai yana fesowa don ya kunna iskar. Wannan gyara ne na ƙwararre.

Zanen kyauta da ya fi yawo shi ne wanda hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta fitar a 1989. An yi shi ne don ranar da mai ya yanke kwatsam, a haɗa da abin da ke hannu. Sauƙin ƙira gare shi, amma ba shi da matsattsen maƙogwaron nan, kuma waɗanda suka gwada shi sun san shi da zubar da kwalta. Ba zan ɗora shi a kan injin da nake ci da shi ba.

In sayen za ka yi, kada ka yarda da harshen wutar da mai sayarwa zai kunna maka a bakin bututu, ko tukunyar banza tana yin wannan. Ka ce ya haɗa ta da inji mai girman naka, ta yi awanni tana aiki, da kaya da kuma a tsaye, sannan a buɗe matatar iskar da bututun shiga inji ka shafa da yatsanka. Ka duba cewa wurin wutar da ƙarfe mai kauri ko wanda ba ya tsatsa aka yi shi, ba mai farin shafen zinki ba, wanda hayaƙinsa ke sa zazzaɓi. Murfin sama ya zama mai sifirin, yadda in iska ta yi bindiga a ciki zai ɗaga ya saki. Ƙofar kwashe toka kuma ta rufu ruf, don ko ƙaramar kafa tana ƙona iskar tun a ciki. Kafin kuɗinka ya fita, ka tambayi hukumar rajistar motoci da kamfanin inshorarka ko sun yarda da irin wannan gyara a kan titi.

Tambaya: Malam, maigidana ya ƙera irin wannan tukunya, yana gwada ta a garejin da ke manne da ɗakin yara. Kwanan nan yana yawan kukan ciwon kai da jiri, yana cewa gajiya ce. Hankalina bai kwanta ba. Akwai abin da zan saya na kariya?

Amsa: 'Yar'uwa, hankalinki ya gaya miki gaskiya, kuma wannan magana ba ta jiran gobe. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke tuƙa motar shi ne kabon monoksaid, guba ce da ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, kuma alamunta na farko su ne waɗanda kika lissafa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Direbobin Suwidin da yawa sun sha wannan guba a zamanin yaƙi. Lokacin da injin ke aiki yana zuƙe iskar, haɗarin da sauƙi. Mafi muni shi ne lokacin kunnawa, sa'ad da fankar zuga wutar ke huro iskar mai gubar zuwa waje, da kuma bayan an kashe inji, domin garwashin bai mutu ba, yana ci gaba da fitar da ita shiru. Buɗe ƙofar gareji ba ya wadatarwa, kuma iskar tana bi ta ƙofa da tsagar bango ta shiga ɗakin da ke kusa.

Ki roƙe shi, cikin ladabi amma ba da sassauci ba, ya fitar da tukunyar fili yau, nesa da tagogi, kuma kada ta sake shiga ƙarƙashin rufi sai ta huce sarai. Ya je asibiti ya faɗa wa likita ainihin abin da yake shaƙa, yaran ma a duba su in akwai mai irin wannan kuka. Abin saya kuwa shi ne na'urar ƙararrawa mai gano kabon monoksaid, ki tabbata ita ce, domin mai gano hayaƙin gobara daban take. Ku sa ɗaya kusa da inda yara ke kwana, ɗaya a inda yake aiki, wata kuma a cikin motar in har ya kai ga ɗora tukunyar a kanta. Takunkumin hanci na ƙura ba ya tare wannan iska ko kaɗan, kada ya dogara da shi. In ƙararrawar ta yi kuka, kowa ya fita waje tukuna, sannan a nemi dalili.